Yadda Minti-Biyar Ya Rufe Wa Linka Baki

Kowane gida da irin jarabawarsa. Wasu yoyon rufi ne, wasu ɓeraye, mu kuwa ɗan wan Innarmu Allah ya haɗa mu da shi. Shi dai Injiniya yake kiran kansa, har ya sa an rubuta masa a bayan riga, amma kaf layinmu ba wanda ya san shi da wani suna sai Minti-Biyar. Ko me ka kai masa, rediyo ne, waya ce, agogon bango ne, kafin ka rufe baki ya ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne." Dutsen gugata yana wurinsa tun ina koyon ɗinki, har yau mintocin ba su cika ba.

Ni tela ce. Shagona a bakin gida yake, ƙofarsa ta baya kuma tana kallon rumfar da Inna take ajiye injin ƙyanƙyasarta. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi, ina taka keke ina cizon yatsa.

Injin nan akwati ne mai tsawon firij, da tire-tire a ciki. Wata injiniya ta gaske da muke kira Mai Tabarau ce ta haɗa wa Inna shi kafin aiki ya mayar da ita wani gari. A gefensa ta maƙala 'yar kwamfuta mai ɗan allo. Ita ce ke auna zafi, ta kunna hita, ta kashe, ta tayar da fanka, ta juya tire, in abu ya ɓaci kuma ta buga ƙararrawa. Kwamfutar ta tsufa, gaskiya. Allon ya dusashe, wani lokaci sai Inna ta ɗan mare ta kafin ta farka. Amma ba ta taɓa cin amanar ƙwai ko ɗaya ba.

A makon da abin ya faru Inna ba ta cikin walwala. Wani mai babur ya take mata Gimbiya, jar kazarta, wadda ita kaɗai ta rage daga zuriyar kajin da marigayi Babanmu ya kiwata. Ranar Inna ko abinci ba ta ci ba. Abin da ya ɗan sanyaya mata rai shi ne Gimbiya ta bar 'yan ƙwayaye a kwando. Inna ta shimfiɗa musu tsumma, kullum da safe ta juya su da hannunta tana musu magana ƙasa-ƙasa. Tana jira ne maƙwabta su kawo nasu a cika injin a kunna gaba ɗaya. Mai Aski da ke tsallaken titi ya kawo na zabinsa, Mai Faci na kusa da shi ya kawo na agwagi.

Ana cikin haka sai ga Minti-Biyar ya shigo da kwali a hammata.

"Gwaggo, albishirinki. Daga yau kin daina marin kwamfuta. Ga sabuwa dal, ta zamani. In na ɗora ta a injin nan, ƙwai da kansa zai riƙa roƙo a saka shi."

Inna ta ce, "A bar kaza cikin gashinta, ɗana. Tsohuwar tana aiki."

"Tana aiki ko tana tari? Gwaggo, ina ɗan filashin nan na ajiyar bayanai da Mai Tabarau ta bar miki?"

"Me za ka yi da shi?"

"Manhajar da ta rubuta tana ciki. Kin san kwamfuta ba ta jin rubutun mutum sai an yi mata tafinta. Tafintan shi ake kira kamfaila. Wanda ta yi aiki da shi ya tsufa, haƙoransa duk sun zube. Zan miƙa rubutun ga sabon kamfaila ya fassara wa sabuwar kwamfuta, shi ke nan."

Daga shago na ɗaga murya na ce, "Yaya, minti nawa zai ɗauka?"

Ya harare ni. "Ke dai ji da wuyan rigar mutane."

Inna ta ce a fara kiran Mai Tabarau a ji ta bakinta. Nan fa ya dafe ƙirji kamar an soke shi. Wai ina aka taɓa jin likita ya kira mai kemis ya tambaye shi inda zuciya take? Inna mai kunyar ɗan wanta ce, ba ta iya ce masa a'a sau biyu a jere. Ta shiga ɗaki ta ɗauko filashin daga cikin gwangwanin maɓallai ta ba shi.

Mai hankali zai gwada sabuwa tukuna kafin ya taɓa tsohuwa. Yayana kuwa da tsohuwar ya fara. Ya kwance ta, ya farke cikinta, ya baje a tabarma, ya shiga rabon gado. Mai Aski ya sami 'yar fankar ciki, Mai Faci ya kwashi wayoyi da kusoshi, ƙwaryar kuma aka ba yara suka ɗaura mata igiya suna ja a titi. Kafin azahar, ko Mai Tabarau da kanta ta zo ba za ta iya mayar da ita ba.

Sannan ya ɗauke teburin yankan yadina ba tare da ya tambaye ni ba, ya kafa a rumfa, ya buɗe kwamfutarsa ta cinya, ya tankwasa yatsu suka yi ƙara. Mai Aski da Mai Faci suka baro shagunansu suka jawo benci. Dama su biyun nan in akwai kallo kyauta, ko kan mutum na rabin aski sai ya jira.

Ya danna maɓalli. Rubutu ya yi ta gudu a allo, fari tas. Ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa.

"Kamfaila ya karɓa! Ƙanwata, aiko a kawo lemo mai sanyi."

Mai Faci ya miƙa wuya ya ce, "Injiniya, wannan jan da ke fitowa a ƙasa fa? Ado ne?"

Minti-Biyar ya juya. Jan rubutu ne layi-layi, kowane layi da tsawonsa. Ya zauna a hankali.

"Wannan ba komai ba ne. Linka ne."

"Wane ne kuma linka? Ƙanen wancan ne?"

"Kusan haka. In tafinta ya gama, linka ne ke tattara guntayen ya ɗinke su wuri ɗaya. Kowane aiki a cikin manhaja da sunansa: akwai mai auna zafi, akwai mai tayar da fanka, akwai mai juya tire. To linka kiran suna yake yi kamar malamin aji. Wanda bai amsa ba sai ya rubuta shi da ja."

Mai Aski ya ce, "To su wa suka yi fashin makaranta?"

Yayana ya karanta, muryarsa na raguwa. An kira mai auna zafi, ba a gan shi ba. An kira mai fanka, ba a gan shi ba. Mai juya tire, babu. Mai ƙararrawa, babu. Mai kunna hita ne kaɗai ya amsa, don shi a babban fayil yake zaune.

Mai Aski ya ce, "Wannan ba fashi ba ne, yajin aiki ne."

"Suna nan! Ga su can a laburaren da Mai Tabarau ta haɗa, wato rumbun da ta tara su, ina ganinsu da idona. Linkan ne makaho."

Ya sake dannawa, ja. Ya kashe kwamfuta ya kunna, ja. Ya hura ramin filashi, ya goge shi da gefen riga, ya mayar, ja. Daga nan laifi ya fara yawo a unguwa. Da farko wutar lantarki ce ba ta da ƙarfi. Sai kuma injin iskar Mai Faci ne ke aiko da wani irin kaɗawa ta ƙarƙashin ƙasa, dole bawan Allah ya je ya kashe, mai mota na tsaye da taya a hannu yana masifa. Da wannan bai yi ba, sai aka dawo kaina.

"Ƙanwata, dakata da keken nan. Girgizarsa ce ke warwatsa sunayen."

Na ce, "Yaya, kekena ya girme ka a sana'a, kuma duk abin da na ba shi ya haɗa, haɗawa yake yi."

Aka kwana biyu a haka. Inna ta fito ta tsaya da kwandonta a hannu, ta ce ƙwai fa ba ya jira, in ya daɗe a waje ba zai ƙyanƙyashe ba. Ta sake cewa a kira Mai Tabarau. Ya ce ai ya riga ya gano bakin zaren, laburaren matar ne ya ruɓe, zai sauko da sababbi daga intanet.

Ya kuwa sauko da su. Duk abin da ya gani da sunan zafi ko fanka a jiki sai ya jawo ya tura ciki, har da wani da na tabbata na injin wanki ne. Ya danna. Jan ya ninka.

Mai Faci ya ce, "Yanzu kuma wa ya ɓata?"

"Ba ɓata ba ne." Ya share zufa. "Cewa yake wai ya sami mai ƙidayar lokaci har guda biyu, bai san wanda zai ɗauka ba."

"Su waɗancan na farko fa, sun dawo?"

"Ba su dawo ba."

Mai Aski ya tafa hannu. "Kai, wannan aji da daɗi yake! Waɗanda ake nema ba su zo ba, waɗanda ba a nema sun zo da tagwayensu."

"Ku ba ku san kimiyya ba. Kuskure in ya canja kama, ci gaba ne."

"Haka ne," in ji Mai Faci. "Ni ma in taya ta daina yoyo ta gefe ta koma yi ta tsakiya, sai in ce wa mai mota an samu ci gaba."

Abin ya ɓata wa Injiniya rai. Ya ce matsalar duk tarkace ne suka yi yawa, bari ya yi shara. Ya shiga goge fayil-fayil yana ƙwafa. Ina tsaye a bayansa da almakashi na ga ya kai kan wata jaka da Mai Tabarau ta ware daban.

Na ce, "Yaya, wannan ta mai injin ce fa. Ka san abin da ke ciki?"

"Tarkacen tsohon kamfaila ne. In ana sabon gini ba a barin tsohon bulo."

"Ko kwafi ka ajiye mana."

"Kwafi na matsorata ne."

Ya goge ta, a kan filashin kanta, wanda ba mu da wani sai shi. Ya danna maɓalli. Wannan karon jan rubutun bai tsaya ba, gudu yake ta yi sama kamar an buɗe famfo. Mai Aski ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya ce a yi wa allon addu'a, jini yake zubarwa. Ranar ko lemon da ya sa na aika aka kawo tun farko bai sha ba, ni na shanye abina.

Washegari da hantsi sai muka ji ihu daga rumfa. Na fito da gudu da allura a baki, na ɗauka wuta ce ta ja shi. Na same shi yana rawa shi kaɗai.

"Kira Gwaggo! Kira kowa! Ku zo ku ga yadda ake ladabtar da linka!"

Allon fari fat, babu ɗigon ja. A ƙasa an rubuta kuskure sifili. Ni kaina sai da na ji wani abu kamar girmamawa ya taso min, na yi maza na haɗiye shi.

Inna ta ce, "Ka samo su ke nan? Masu yajin aikin?"

"Gwaggo, ai basira ta fi neman mutum. Na zauna na yi tunani, me linka yake so? Suna yake kira, amsa yake so. To sai na rubuta masa sababbi da hannuna. Ya kira mai fanka, ga mai fanka. Ya kira mai juya tire, ga shi. Kowa ya amsa, bakinsa ya mutu."

Na leƙa allon. Ban san karatun kwamfuta ba, amma na san fanko in na gan shi. Kowane suna da baka biyu a gabansa, ɗaya ta buɗe ɗaya ta rufe, tsakaninsu kuwa fili.

Na ce, "Yaya, me ya sa cikinsu babu rubutu?"

"Sauƙaƙawa ke nan. Manhajar zamani ba ta son nauyi."

"Wannan fa mai layi ɗaya?"

"Mai auna zafi ne. Shi na ɗan sa masa abu. Duk lokacin da aka tambaye shi, zai ba da daidai zafin da ƙwai yake so. Tsohon kullum cikin canja magana yake, yanzu sama, anjima ƙasa. Nawa kuwa magana ɗaya gare shi, kamar dattijo."

Inna ta dube shi. Ta ce, "Ni dai ban gane ba. Suna ne kawai, ko akwai mai aikin?"

"Gwaggo, sunan shi ne komai. Tunda sunan yana nan, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, ai magana ta ƙare. Kin ji linka ya yi ƙorafi?"

"Ban ji ba."

"To kuskure sifili."

Na ja Inna gefe na ce kada ta saka na Gimbiya, a fara gwadawa da na agwagin Mai Faci. Ta ce kwanakinsu sun ja, in ba a saka yau ba an rasa su ko ta yaya, kuma tsohuwar kwamfuta ga ta can yara na ja a titi. Gaskiyarta ne. Ya riga ya rushe gadar da za a koma ta kai.

Minti-Biyar ya zuba manhajar a sabuwar kwamfutar, ya maƙala ta a jikin injin, amma bai yarda a kunna shi a ɓoye ba. Ya bi layi shago-shago yana gayyata, har ya aro kujerun roba. Ya sa rigarsa mai rubutu a baya. Da mutane suka taru ya yi jawabi a kan yadda ƙasashen da suka ci gaba suke ƙyanƙyasa, ya ce duk mai injin da ke tari ya kawo, layi ne, wanda ya riga ya riga. Aka jera na zabi, aka jera na agwagi. Inna ta saka na Gimbiya da hannunta a tiren sama, ɗaya bayan ɗaya, ta yi bismillah ta rufe ƙofa. Shi kuma ya kawo salatif ya liƙe ƙofar, wai buɗe-buɗe ne ke rikita lissafi.

Ya kunna. Allo ya kawo haske, lamba ta fito kyakkyawa, daidai yadda ake so, tun injin bai ko yi ɗumi ba. Aka yi tafi.

Mai Faci ya kasa kunne ya ce, "Injiniya, ban ji ƙugin fanka ba."

"Na zamani ba ya ƙugi. Ka taɓa jin wayarka tana ƙugi?"

"Tiren ma ban ga ya motsa ba," in ji Mai Aski.

"Yana motsi a lissafe. Ido ba ya gani."

Ya sallami jama'a ya ce kowa ya dawo da la'asar ya ga ko lambar ta gusa ko da ɗigo. In ta gusa, ya ce, a cire masa rigar nan a bainar jama'a.

Abin da ba mu sani ba a lokacin, wanda daga baya aka yi mana bayani, shi ne manhajar tana kunna hita tun farko, ba ta kashewa sai mai auna zafi ya ce zafi ya wuce kima. Mai auna zafin Yayana kuwa dattijo ne mai magana ɗaya. Cikin ma'aikatan injin nan kaf, mai kunna hita ne kaɗai na gaske, kuma bawan Allah ya riƙe aikinsa da amana.

Da azahar Inna ta dafa gefen injin ta janye hannu da sauri.

"Ɗana, akwatin nan ya yi zafi."

"Gwaggo, hannunki za ki yarda da shi ko allo? Dubi lamba."

"In da matsala ai ƙararrawa za ta buga ko?"

"Kin ji ta buga?"

Ba ta buga ba. Inna ta koma ɗaki, amma na ga tana leƙowa ta taga.

Da la'asar jama'a suka dawo, har sun fi na safe, don labari ya zaga cewa za a iya cire wa mutum riga. Lamba tana nan inda take, ko gezau. Minti-Biyar ya hau kan benci ya fara karɓar sunayen masu son a gyara musu nasu. Sai Mai Aski ya ɗaga hanci ya shaƙa.

"Jama'a, wa ya buɗe teburin mai shayi a nan kusa?"

"Ƙamshin sabon inji ne," in ji Yayana.

"Sabon inji da ƙamshin karin kumallo?"

Kafin ya ba da amsa sai muka ji fas! daga cikin akwatin. Kowa ya juya ga injin. Sai kuma fas! fas! Salatif ɗin ƙofa ya saki da kansa ya lanƙwashe. Inna ta ratsa mutane, ban taɓa ganin ta yi sauri haka ba, ta fizge ƙofar. Wani tururi ya bugo mu, na gaba suka ja da baya suna kare fuska.

Mai Faci ya sa hannu ya ɗauko ƙwan agwagwarsa ɗaya, zafi ya sa ya sake shi. Ƙwan ya faɗi a siminti, ya yi tsalle, ya gangara har ƙarƙashin benci, bai fashe ba. Mai Aski ya duƙa ya ɗauko, ya ƙwanƙwasa a goshin benci, ya ɓare shi tsaf, ya ɗaga sama kowa ya gani. Fari sol, ya dahu har ciki.

"Injiniya," ya ce, "a cikin masu amsa sunan nan naka, akwai mai kawo gishiri?"

Dariyar da aka yi har masu wucewa a titi sai da suka tsaya. Minti-Biyar yana kan benci yana nuna allo da yatsa.

"Amma ku dubi lamba! Lambar daidai take! Matsalar daga ƙwan ne, wa ya sani ko dafaffu aka kawo?"

Mai Faci ya ce, "Eh, agwagina dama a tukunya suke yin ƙwai."

Ni ban yi dariya ba, don ina kallon Inna. Ta ɗauko na Gimbiya da gefen zaninta, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta saka su, ta mayar cikin kwando. Sannan ta ciro wayarta ta miƙo min ta ce, "Kira ta. Ki sa kowa ya ji."

Mai Tabarau ta ɗauka, suka gaisa da Inna, na ba ta labari a gajarce. Ta ce a ba ta wanda ya yi aikin. Yayana ya sauko daga benci ya karɓi wayar da yatsu biyu.

"Abokiyar aiki, barka da yamma. Wata 'yar tangarɗa ce daga laburarenki, linka ya kasa ganin sunayen."

"Ai ba zai gani ba," in ji ta. "Tsohon kamfaila yana maƙala wa kowane suna 'yar alama a gaba, sabon kuma ba haka yake nemansu ba. Suna nan, bai gane su ba ne. Shi ya sa na ware jaka guda a filashin, da asalin rubutun laburaren a ciki. Ka bi da ita ta sabon kamfaila, su fito da irin sunan da yake nema, shi ke nan."

"Jaka... wadda take a ware?"

"Ita. Ka buɗe ta?"

Na matsa kusa da wayar na ce, "Ya goge ta, Anti. Ya ce kwafi na matsorata ne."

Mai Tabarau ta ce, "To ni matsoraciya ce, ina da kwafi. Amma tsaya, in ka goge ta, yaya aka yi linka ya bar ka ka wuce?"

Yayana ya yi ƙasa da murya, amma wayar a buɗe take, rumfar kuma tsit. Dole ya faɗa da bakinsa, suna bayan suna, yadda ya rubuta su fanko. Da ya zo kan mai ƙararrawa sai ta ce, "Har shi?" Ya ce har shi.

"Bawan Allah," ta ce, "linkan nan shi kaɗai ne yake gaya maka gaskiya, shi ka toshe wa baki. Me ya hana ka kira ni? Wallahi aikin minti biyar ne."

Mai Aski ya faɗo daga kan benci. Mai Faci ya riƙe ciki yana buga ƙafa, hawaye na zuba. Wasu matasa suka tuna da alkawarin riga, Yayana bai jira su ba, ya cire da kansa ya dunƙule a hammata ya bi ta shagona ya fice, har ya ture min kwandon zare. Waɗanda suka ba da sunansu don gyara suka bi shi titi suna cewa a goge. Ƙwan zabi da na agwagi kuwa a nan aka cinye su, Mai Aski na rabawa yana cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Na Gimbiya ne kawai ba wanda ya taɓa. Inna ta shige da su ɗaki, kuma ban tambaye ta inda ta kai su ba.

Na ɗauka zai yi wata guda bai tako gidan ba. Ina! Washegari da rana, lokacin da ya san ana sauke tukunya, sai ga shi ya yi sallama da 'yar murya. Ya durƙusa ya fara bayani, wai in aka duba ta wata fuskar an ƙaru da ilimi. Ni na riga na tanadi maganganun da zan jefe shi da su tun daren jiya, amma Inna ta ɗaga min hannu.

"Zauna, ɗana. Ka ci abinci tukuna."

Ta shimfiɗa masa tabarma da kanta. Ta kawo babban faranti da kwanoni a rufe, har da kofi da murfinsa, ta jera a gabansa. Ya saki fuska, ya wanke hannu, ya kalle ni ta wutsiyar ido irin na kin gani ko.

Inna ta nuna na farko. "Wannan shinkafa ce."

Ya buɗe. Kwano wankakke, yana ƙyalli.

"Wannan miya ce. Wancan nama. Kofin kuma lemo ne mai sanyi."

Ya bi su yana buɗewa, murfi bayan murfi. Ya ɗago yana 'yar dariyar yaƙe.

"Gwaggo, ai babu komai a ciki."

"Ban kira sunan kowanne ba?"

"Kin kira."

"Ka ji kwano ya yi ƙorafi?"

Na toshe baki da yadin da ke hannuna don kada dariya ta ƙwace min. Ashe Inna ba ta gama ba. Ta koma ɗaki ta fito da kwandon nan, an rufe shi da tsummansa, ta ajiye a gabansa a hankali kamar mai gudun kada wani abu ya farka.

"Waɗannan kuma 'ya'yan Gimbiya ne," ta ce. "Jikokin kajin mijina. Buɗe ka gani."

Bai buɗe ba. Ya zauna yana kallon tsumman, hannunsa a jiƙe da ruwan wankin hannu, ni kuma dariyar ta koma inda ta fito. Tun da na san Yayana, ranar ce kaɗai aka ajiye abu a gabansa bai ce minti nawa zai ɗauka ba.